Mabuɗin Akwati Ya Tafi Makka

Mai gabatarwa, salamu alaikum, barka da aiki. Sale ne daga Tudun Wada, Jos.

Tun da aka sallame mu daga aikin haƙar kuza nake yawon neman aikin akawu, har takalmina ya huje. Ba ni da akwatin gidan waya, don haka lambar akwatin Malam Audu tela nake sawa a takarduna. Maƙwabcina Malam Dung, ma'aikacin gwamnati, kullum da yamma yakan yi mini tambayoyin intabiyu. Har kwat ɗinsa ya ara mini.

Sai Malam Audu ya tafi aikin hajji, ashe mabuɗin akwatin na aljihunsa. Da ya dawo ya buɗe akwatin, ya miƙo mini dabino da ambulan. Wani kamfani a Titin Bauchi ne ya kira ni intabiyu, amma ranar ta wuce da sati uku. Duk da haka na sa kwat na je. Masinja ya dube ni ya ce, "Oga, sai yanzu? Ai an ɗauki wani."

Wallahi na gaji. Jama'a, ku ba ni shawara.

Ina gaida Malam Dung. Gobe zan kawo maka kwat ɗinka. Masinja kaɗai ya gan ni a ciki.