Kada Akwatin Wilson Ya Hau Sikeli

Shekara goma sha ɗaya ke nan rabona da gida. Na faɗa tun farko don ku san irin mutumin da aka miƙa wa makirufo yau.

Rabaran, dattawan ikilisiya, Mai Unguwa, Malam Zakariyya'u da masu gyaran rediyo na Makera da suka rufe shaguna suka zo, zumuntar mata, Maman Joshua, Joshua ɗana, ina yi mana gaisuwar rashin Wilson. Sunana Bulus. Tare da shi muka yi aikin masaƙa a Kakuri, tare aka rufe mana ƙofa.

Ya kasance mutumin da ba ya jira. Mu muna zarya muna tambayar yaushe za a buɗe, shi ya kama shago yana gyaran rediyo.

Kun san yadda muke gaisawa da gida a wancan lokacin. Iyayenmu ba su karatu. Tsohuwa za ta zauna gaban rikoda ta yi maganarta, ta yi faɗanta, ta yi addu'a, a ba direba kaset ya kawo Kaduna. Kowannenmu na da tarinsu a ƙarƙashin gado. Wilson ne ya fara lura suna mutuwa. Danshin damina na shiga, zaren ya manne, muryar ta koma kamar mai magana cikin ruwa.

Sai ya ɗauko tsohuwar rikodar ɗakinsa, wadda Maman Joshua ke jin waƙoƙi da ita, ya huda bayanta. Ya dasa wani ɗan allo da ya ciro daga wata matacciyar na'ura, ya liƙe wayoyi da dalma, ya yi mata kafa ta dijital, yadda murya za ta fita daga kaset ta shiga kwamfuta, daga can ta hau faifai. Sau biyu tana hayaƙi. Maman Joshua ta ce, "Baban Joshua, ka kashe mini rikoda." Ya ce, "Fiɗa nake mata, Madam. Ki jira ta farfaɗo." Ta kuwa farfaɗo.

Ya kasance ba ya tambayar addininka kafin ya karɓi kaset ɗinka. Karatun mahaifin Malam Zakariyya'u ya bi ta wannan kafar. Waƙoƙin zumuntar mata na tun kafin a yi wa cocin nan rufi sun bi ta nan.

Ya kasance kuma mai taurin kai, ba zan ɓoye ba don yana kwance. Kaset ba ya sauri, sai an bar shi ya juya har ƙarshe, don haka layi ya yi tsawo. Sai ya kafa doka: matattu tukuna. Muryar wanda ya rasu ita ce a gaba, ta mai rai ta jira. Na kai masa na mahaifiyata, ya tura su ƙarshen kanta. Na ce, "Wilson, ni da kai?" Ya ce, "Bulus, taka tana Pankshin tana numfashi. Hau mota ka je ka ji ta." Na zage shi ranar. Ya san mutumin da ba shi da aiki ba ya shiga ƙauye hannu wofi. Amma dokar daidai ce. Na sani a lokacin, na sani yanzu.

Bara Mama ta rasu. Sai bayan an binne ta labari ya same ni. Na je shagon. Ya kalle ni, ya miƙa hannu ya jawo kaset ɗina gaba.

Mun fara ke nan wata waya ta saki a cikin akwatin rikodar. Ya buɗe murfin zai gyara, ciwo ya kayar da shi. Har yau akwatin yana nan a buɗe a kan teburi.

Joshua, da kai nake. Na ji wanda ya ba da hayar shagon yana son ɗakinsa, kuma 'yan gwangwan za su zo ranar Asabar su auna komai. Ban ga laifinka ba, kai ne babba yanzu, ƙannenka na kallonka. Sayar da fankoki, sayar da talabijin ɗin da masu su suka manta. Amma wannan akwatin, don Allah, kada ka bari ya hau sikeli. Malam Zakariyya'u ya duba shi, ya ce zai iya liƙe wayar. Ba ni kaɗai ba ne, akwai mutane a wannan ɗakin da iyayensu ke kan kantar nan suna jira. Damina kuma ta kusa. Maman Joshua, rikodarki ce tun asali. Ki sa baki.

Na gode wa iyali da suka ba ni wannan dama. Ubangiji ya karɓi bawansa Wilson, ya ta'azantar da gidansa, ya ba mu haƙuri. Amin.

Kaset ashirin da uku Mama ta aiko mini. Biyar sun riga sun manne, ba mai sake jin su. Goma sha huɗu suna kan kanta. Huɗu na tsira da su.