Ranar da Na Hau Sikeli Don In Fi Saratu

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu. Ni ce Talatu, gajeriyar nan mai zama a bencin gaba don ta hango fasto.

Zunubina hassada ce, kuma wadda na yi wa ga ta can zaune: Saratu, ƙawata tun muna yara.

Shekarar da kwanon gero ya gagari mutane, kowa ya rame, ni har zane ba ya zama a ƙuguna. Saratu kuwa doguwa, jikinta cike abinta. In mun shiga zumuntar mata sai ka ji, "Kai, mijin Saratu ya iya kiwo!" Ni ko kallo. Bakina na rera waƙa, zuciyata na ƙuna.

Sai na sayar da kajina, na je kasuwar Ɗambatta na sayo ƙwayar ƙibar nan da ake ce wa sha-ka-fashe. Kafin wata uku fuskata ta yi kamar ƙwarya, wuya ya ɓace. Ana ta cewa, "Talatu, kin yi kyau!" In na duƙa numfashi ya riƙa yankewa, amma na ci gaba da shan ƙwayar.

Rannan ma'aikatan lafiya suka zo harabar coci da sikeli. Da gangan na bi bayan Saratu. Ina hawa, allurar ta wuce inda tata ta tsaya. Na ce wa malamar asibitin, "Malama, faɗa da ƙarfi kowa ya ji!"

Ba ta faɗa ba. Ta jingina ni da bango ta auna tsayina, ta duba wata takarda, ta gwada jinina. Sannan ta ce, "Baiwar Allah, ba gasa ake yi ba. Waccan doguwa ce, nauyinta ya dace da tsayinta. Ke naki ya fi ƙarfinki, jininki kuma ya hau. Me kike sha?"

Wayyo kunya! A gaban mata na faɗi gaskiya.

Aka riƙa rage min ƙwayar a hankali, na yi ta jinya. Damina ta sauka ba na iya ɗaga fartanya, ciyawa ta fara cinye geron da 'ya'yana za su ci.

Ina kwance na yi kuka na ce, "Ya Yesu, warkar da ni, amma ka fara da zuciyata!"

Washegari na dogara sanda na leƙa gona. Saratu na tarar a duƙe, gumi sharkaf, tana nome min gero.

Na ce, "Kin san don in fi ki na sha ƙwayar nan?"

Ta ce, "Tun ranar sikeli na sani. Koma ki kwanta, Talatu."

Tuwon da 'ya'yana suka ci shekarar, jikin da na yi wa hassada ne ya noma shi.

Halleluya! Jinina ya sauka, zuciyata ma. Na gode wa Ubangiji. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, shi ya san awon da ya yi wa kowa. Amin.