Hular Mayu

A gindin tsaunin da tsohuwar fadar Turawa take, inda a da aka tsare wasu mata bisa zargin maita, masu ziyara suna jiran motar komawa Manchester. Jagoran tafiyar yana raba baƙaƙen huluna masu tsini, irin na mayu a tatsuniyar Turawa, don a ɗauki hoto.

"Ba zan sa ba," in ji wata ɗaliba, Raki.

Wata dattijuwa da ta ji Hausa a bakinta ta matso.

"'Yata, wasa ne fa. Matan nan sun mutu tun zamanin da."

"Mama, kakata ba ta daɗe da rasuwa ba. Ita ma mayya aka ce mata."

"Wayyo! Garin yaya?"

"Yaron maƙwabta ne ya ambaci sunanta cikin zafin zazzaɓi. Aka ce ta tsallake shi a gaban jama'a, ta sakar masa kurwa. Ta ƙi."

"Ai da ta tsallake kawai. A garinmu haka ake yi, a wuce wurin."

"In ta tsallake, ta amsa ke nan. Mu ma mun zama mayu, tunda an ce a nono ake sha."

"Yaron fa?"

"Ya warke a asibiti."

"To, ai gaskiya ta fito."

"Ina ta fito, Mama? Cewa suka yi tsoro ta ji, ta sake shi. Ƙosai take sayarwa, daga ranar ba wanda ya ƙara cin abin hannunta. Da ta rasu, matan da suka yi mata wanka sai daga wani gari aka nemo su."