Mataccen Kwafi a Jinin Auta

ƘANWA: Salamu alaikum, Yaya. An wuni lafiya?

YAYA: Wa alaikumus salam, mutanen ɗakin gwaji. Ya aiki? Ya ɓerayenki?

ƘANWA: Suna nan. Ya jikin Auta?

YAYA: Ƙafafun dai sai a hankali. Amma mun ɗaure jaka, gobe ai za a fara mata allurar da kika ce.

ƘANWA: Yaya, fita baranda. Kada ta ji.

YAYA: Me? Muryarki na yankewa.

ƘANWA: Na ce ka fita waje.

YAYA: Na fito. Lafiya?

ƘANWA: Mun sake gwada jininta. Ƙwayar halittar da muka ce ta lalace, lafiyarta ƙalau.

YAYA: To ai alhamdu lillahi.

ƘANWA: Ba abin murna ba ne. Saurara. A jikinmu akwai wasu guntaye masu yawo, suna kwafar kansu suna liƙawa inda suka ga dama. Wani lokaci sai su kwafo wata ƙwayar daban, su jefar da ita can wani wuri. Kwafin kamarsa ɗaya da ta asali, amma matacce ne. Kamar makullin da aka yanka bai buɗe ƙofa ba.

YAYA: Auta ce ke da shi?

ƘANWA: Kowa na da shi, tun kakannin kakanni. Ni, kai, har ɓerayen. Ba ya cutar da kowa. Shi na'urar gwajinmu ta karanta, ta ga duk ya lalace, muka ɗauka mun kama ciwon.

YAYA: To allurar fa?

ƘANWA: Ba abin da za ta gyara. Likita ya cire sunanta daga jerin masu allurar.

YAYA: To mene ne ke cin ƙafafun yarinyar nan?

ƘANWA: Ban sani ba, Yaya. Wallahi ban sani ba. Mun koma farko, kuma ba mu da inda za mu duba.

YAYA: Ni me zan ce wa uwarta? Dakata, ga Autar nan ta rarrafo, ta ji ke ce.

ƘANWA: Kada ka ba ta wayar, don Allah...

AUTA: Gwaggo, Baba ya sayo mini takalmin gudu. Idan aka yi allurar, yaushe zan sa?

ƘANWA: Halo?

AUTA: Gwaggo, ni ina jin ki sosai.

ƘANWA: Halo? Ba na ji, Auta. Layin ba kyau.