Gahawa da Lemon Don Evaristo

A tashar motar garin Chinchiná, Yurani, ɗalibar aikin jinya, tana bitar darasin magunguna sai dattijon da ke gefenta ya ajiye kwalin magani a kan benci.

"'Yata, farar rigarki ta asibiti ce, ko? To ki gaya wa likitocinku ni Don Evaristo na ce maganin ƙarin jininsu alli ne. Matata Leonilde kullum sai ta sha, har yau jiri take yi."

"Da me take haɗiye shi, Baba?"

"Da me kuwa? Gahawa mana. Ta gonata ce, baƙa wuluk."

Yurani ta rufe littafin tana dariya. "Ai ga ɓarawon nan. Gahawa tana hana jiki tsotse maganin. Ta riƙa sha da ruwan lemo, gahawar ta biyo baya da awa biyu."

"Kul! Gahawar da ta aurar min da 'ya'ya ce ɓarauniya?"

"Ita fa."

Dattijon ya fashe da dariya har da dukan gwiwa. "Itatuwan lemon nan don su yi wa gahawa inuwa na dasa su. 'Ya'yan lemon zubewa suke yi suna ruɓewa, ni kuwa ina nan ina zagin likita. Ke kam gwana ce."

"Gwana ina? Wannan tambayar ce ta kayar da ni a jarrabawar bara."

Ya cusa kwalin a aljihu ya miƙe. "Malaminki takarda ya duba. Ni matata zan duba, kuma yau kin ci."