Ƙafar Inna da Maganin da Ke Narkewa

Assalamu alaikum, Hajiya mai shirin lafiya. Ki gafarce ni da wannan ƙarfin hali. Ni ɗalibar sakandare ce daga wani ƙauye kusa da Makoda.

Da damina Innarmu ta faɗo daga babur ta karye a ƙafa. Ƙashin ya yi mugunya, aka kwantar da ita a asibiti a Kano. Likitoci sun sa mata magani kamar 'ya'yan carbi a cikin ƙashin, kuma sai an sake yi mata aiki an cire su kafin ta dawo gida. Har mun cire gyaɗar da ta shuka ba ta gani ba.

Da na je duba ta, ta riƙe hannuna ta ce, "Ke 'yar boko, babu wanda ke narkewa da kansa ne? Na gaji da wuƙa."

Malaminmu na kimiyya ya ce akwai wani abu mai kama da roba, yana sakin magani a hankali, sannan ya narke a jiki. Don Allah ki tambayar mana likita ko ya iso ƙasar nan. Inna, na san kina sauraro, muna kewarki.

Hajiya, ko kin ba ni izini in sake rubutowa ranar da ta tako ƙofar gidanmu?