Kwallin Idon Hagu

A ɗakin jiran wani asibitin bincike a Washington, Hasiya ta danne hannunta mai karkarwa da jaka, tana kallon matar da ta ji tana waya da Hausa.

"Baiwar Allah, wa ya sa miki kwallin nan?"

"Ni da kaina. Tunda suka dasa min na'urar nan a ƙwaƙwalwa hannuna ya daina rawa."

"Ikon Allah. Ni shekara biyu ina jira. Wa kika sani a ciki?"

"Ba kowa wallahi, kwamfuta ce ta zaɓa."

"Ashe kwamfuta ma ta san 'yan gata. To, na idon hagun ya karkace."

Matar ta duba madubi. "Ni ban gani ba."

"Ya karkace mana! Shekara ashirin ina yi wa amare kwalliya a Kaduna."

"Yanzu fa?"

"Yanzu ko cokali sai da hannu biyu."

Matar ta ciro kwallin. "Matso in sa miki."

"Ba na so." Hasiya ta kau da kai, can kuma ta matso. "Ki bi a hankali, kar ki karkata min irin naki."